Shekarar da Na Sha Ruwan Magimfa

Inkil da kuke gani yanzu, mai gidajen bulo da tankunan ruwa a saman rufi, masu keke suna rige-rigen fasinja, ba ita ce Inkil da mahaifinmu ya bar mana gona a cikinta ba. A wancan zamani idan mutum ya bar unguwar Ɗan Iya a cikin Bauchi da sassafe ya nufi can, gari yakan ƙare masa tun da sauran tafiya, ya shiga dawa da gero, duwatsu suna kallonsa daga nesa. Kowa ya san kowa, kowa kuma ya san abin da ake nufi idan aka kafa sanda a bakin ruwa. Yau ka kafa sanda, mai wucewa ya tuge ta ya kori kare. Na yi yawo gwargwadon hali. Na zauna a Garwa da Ngaundare, na yi shekaru a Sudan ina fataucin fata, na je har Tanzaniya ina yi wa masu aikin hanya tafinta. Duk inda na je abu ɗaya na gani: idan gari ya yi saurin girma, al'adarsa kan mutu ba a yi mata jana'iza ba, sai ranar da aka neme ta a tarar babu.

Saboda Baffanku Isiyaku nake rubuta wannan, Allah ya jiƙansa. Kun taso kuna jin ana cewa shi ya zuba guba a ruwa ya kashe shanun baƙi, ni kuma na biya don in rufa masa asiri. Wasunku har kunyar ambaton sunansa suke ji a cikin mutane, na lura. Shi da kansa ya sa ni na yi masa alkawarin shiru muddin yana numfashi. Yanzu ya koma ga Ubangijinsa, ni ma kayana a ɗaure suke, ba na so in tafi da maganar a bakina.

Sai na fara gaya muku mene ne magimfa, don na san yawancinku ba ku taɓa ganinta ba. Itaciya ce 'yar ƙarama, takan ɗan zarce tsawon mutum. Ganyenta a jere yake kamar na tsamiya amma ya fi girma, yana da gashi-gashi mai laushi. Furenta fari, irin na wake sak, 'ya'yanta kuma cikin kwanso mai gashi launin ƙasa. Mahaifinmu ya shuka ta ta zagaye gonar, yana cewa tana gyara ƙasa, dabba kuma ba ta cin ta. Amma babban amfaninta kamun kifi ne. A ƙasan gonarmu akwai rafi, idan bazara ta yi sai ya yanke ya bar wani gurbi mai zurfi a gindin itacen malmo. A nan ake daka ganyen magimfa a kan dutse, a zuba a gauraya ruwan da ƙafa. Ba a jimawa sai ka ga tarwaɗa da karfasa sun taso sama suna juyi kamar masu maye, a yi ta kwasa da hannu. A Tanzaniya na tarar da ita, can suna kiran ta utupa, da ruwanta suke wanke shanu don kashe kaska. Na ga saniya tana lasar jikinta bayan an wanke ta, ta tafi kiwo lafiya lau.

Sai dai abin yana da doka. Ba a dakan magimfa sai an je an gaya wa Ardo, shugaban Fulanin da ke zaune a wurin tun zamanin kakanninmu. Sannan a kafa gora a mashaya, wato inda shanu ke gangarawa, a ɗaura mata reshen magimfa. Duk makiyayin da ya ga wannan ya san a kai dabbobi wani ruwan har wannan ya kwanta. A ɗaya ɓangaren kuma, duk baƙon makiyayi da ya iso da garke, kafin ya shayar sai ya je ya gai da Ardo, a gaya masa inda zai bi da inda ba zai bi ba. Da waɗannan abubuwa biyu aka zauna lafiya shekara da shekaru, ba takarda, ba alƙali.

A shekarar da nake magana, an riga an fara yanka gonaki ana sayar da fulotai, sababbin gidaje sun matso har tsallaken rafi. Isiyaku ne ke zaune a gonar yana noma ta. Matarsa ta haihu, ya so ya ciyar da 'yan suna da kifi kamar yadda mahaifinmu ya yi a sunansa shi kansa. Ya je ya gaya wa Ardo Sambo, tsohon aminin mahaifinmu. Ya kafa gora, ya ɗaura reshe, ya daka ganye da hantsi, ya cika kwanduna. Bai bar komai daga cikin doka ba. Abin da bai sani ba shi ne wasu baƙin makiyaya sun sauka a bayan dutse, daga nesa suka fito, ba su je wurin Ardo ba, kuma a ƙasarsu ba a san wannan alama ba. Baƙo ko da ido makaho ne. Suka gangara da garke suka shayar. Kafin azahar shanu uku sun faɗi, ciki a kumbure, baki yana kumfa. Da suka koma bakin gurbin suka ga ƙananan kifaye fululu a saman ruwa da dakakken ganye a kan dutse.

Ina zaune a zaure a Ɗan Iya matar Isiyaku ta kira ni a waya. Kuka ya hana ta magana sosai. Abin da na tsinta shi ne makiyayan sun zo har gida sun tafi da mijinta bakin rafi, sun ɗaure masa hannu. Kafin in sa takalmi waya ta sake ƙara, wani maƙwabci yana tambaya ta wai gaskiya ne an zuba guba a ruwan Inkil mutane sun mutu. Wani kuma ya kira daga Kasuwar Muda Lawal ya ce ya ji an yanka manomi. Na taɓa ganin irin wannan a Sudan: rigimar rijiya ɗaya, da na dawo ta hanyar bayan watanni babu ƙauyen sai toka. Can labari a kan raƙumi yake tafiya, yana ba dattawa lokacin shan gabansa. Namu a aljihun kowa yake.

Yaya Hansatu, babbar yayarmu da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ta tsaya a ƙofar zaure ta buɗe hannuwa. Ta ce ba inda zan je, a kira hukuma, a kira mai unguwa, ita ba za ta binne ƙanne biyu rana ɗaya ba. Na ce mata an kira su duka, amma kafin su taru su iso, abin da zai faru ya faru. Mahaifiyarku tana tsaye a bayanta. Ta shiga ɗaki ta fito da babbar rigata fara da rawani.

"Idan za ka je, ka je da kamannin dattijo," in ji ta. "Kuma ka yi musu yaren uwarka, kada ka yi musu Hausa."

Kun san kakarku Bafulatana ce, da Fulatanci ta yi mana reno. Mahaifiyarku kuwa Babarbariya, ba ta taɓa ganin Bafulatani ta ƙyale shi ba ta kira shi bawanta ba. Ran nan ban ji wasa a muryarta ba.

Mai keken da ya ɗauke ni ya ƙi ƙarasawa, ya sauke ni inda kwalta ta ƙare. Na taka cikin rana. Tun daga nesa na hango abin da nake tsoro. A tsallaken rafi samarin sababbin gidaje sun taru da gorori da adduna, yawancinsu ba su ma san Isiyaku ba, sun dai ji an kama manomi. A wannan gefen baƙin makiyaya da sanduna a kafaɗa, wasu da takobi a rataye, kowa waya a kunne yana kiran nasa. Tsakaninsu gurbin ruwa ya yi launin kore-kore, yana warin ɗanyen ganye. Isiyaku yana zaune a gindin malmo, an ɗaure masa hannu da igiyar maruƙa, leɓensa a fashe. Ardo Sambo yana tsaye kusa da shi, tsoho tukuf, yana magana ba mai sauraro. Baƙin sun ce shi ya zama Bahaushe, bakinsa ɗaya da manoma.

Na yi sallama da Fulatanci, na tambayi lafiyar mutane da ta shanu da ta hanya, ban gajarta gaisuwar ba ko kaɗan. Babbansu sunansa Ja'e, mutum ne siriri, bai wuce shekara arba'in ba. Ya amsa a daƙile. Na bayyana masa al'adar gora da reshe, na nuna masa gorar tana nan a tsaye. Na gaya masa abin da na gani a ƙasashen da na je, cewa wannan ganye kifi yake bugarwa, ban taɓa ganin ya kayar da saniya ba. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, shanunsa da ƙafarsu suka zo, sun sha, sun mutu. Sai wani ƙanensa ya ɗebo ruwan gurbin a ƙwarya ya dangwarar gaban Isiyaku, ya ce tunda ruwan lafiya ne, mai shi ya sha su gani.

Isiyaku yana da gyambon ciki tun yana saurayi, ko yaji ba ya ci. Na ga ya kalli ƙwaryar, na ga kuma samarin tsallake sun fara gangarowa. Idan ya ƙi, an ce ya amsa laifi. Idan aka matsa masa, waɗancan za su tsallako, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: ba a Inkil kaɗai za a yi kuka ba. Na sunkuya na ɗauki ƙwaryar.

"Gonar tawa ce, itacen na ubana ne. Ni zan sha."

"Yaya, kada ka yi," in ji Isiyaku.

Ina so ku fahimci wani abu. Ban sha don na tabbata ba. Na ga an wanke shanu da ruwan, na ga an ci kifin, amma ban taɓa ganin ɗan Adam ya kafa kai ya sha ba. A Ngaundare ma na taɓa jin labarin wanda ya sha tataccen ruwan ganyen bai kwana ba. Duk yawon da na yi, iyakar abin da ya ba ni shi ne zato. Kada waninku ya karanta wannan ya ɗauka magimfa abin wasa ce. Na yi bismilla, na yi kalmar shahada a zuci, na shanye. Ɗaci ne da bauri da ɗanɗanon laka. Na kife ƙwaryar, na nemi wuri kusa da Isiyaku na zauna, na ce to, sai mu jira tare.

Wannan jira shi ne abu mafi tsawo da na taɓa yi. Wuri ya yi tsit, har na tsallake suka tsaya cak. Idanu sun fi ɗari a kaina, kowa yana jiran ya ga ko zan faɗi. Ba a daɗe ba na ji leɓuna sun yi nauyi, harshena kamar ba nawa ba. Cikina ya fara juyawa, gumi yana bin bayana. Na san idan na yi amai a gabansu magana ta ƙare, don haka na riƙa haɗiye yawu ina jan carbi, ina kallon wata tururuwa da ke jan fiffiken fara a kan saiwar malmo. Na yi tunanin ku ɗaya bayan ɗaya. Na yi tunanin cewa na tsallake hamada da teku, ga shi zan mutu a bakin gurbin da na koyi iyo. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Mahaifiyarku ce. Na ce mata lafiya ƙalau, muna tattaunawa. Ta ce muryata ba ta yi mata daidai ba, me na ci? Na ce ruwa kawai na sha.

Da la'asar ta yi Ardo Sambo ya sa aka kawo ruwan rijiya a buta, ya ce ko ana yaƙi ana salla. Ya ce a kwance Isiyaku ya yi alwala, Allah bai ce a yi masa sujada da igiya ba. Suka kwance shi. Ardo ya tura ni gaba in yi limanci. Na gane nufinsa: yana so kowa ya ga ina iya tsayuwa. Na tsaya ƙasa tana lilo da ni. Kowane ruku'u sai na ji kamar ba zan ɗago ba. Amma na idar, kuma da na waiwaya na ga har wasu daga samarin tsallake sun ajiye gorori sun shiga sahu.

Mutane suka ɗan ja baya, Ja'e bai tashi daga inda ya yi salla ba. Ya matso har gwiwarsa tana taɓa tawa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, ni da Isiyaku da Ardo kaɗai muka ji. Ya ce kafin su gangaro ruwa, shanun sun kutsa wata fadama da aka girbe dawa, kututturen ya sake tohowa. Kowane makiyayi ya san gyauron dawa a lokacin zafi yana kashe saniya cikin sa'a guda. Ya kore su, amma waɗansu sun riga sun ci. Tun da ya ga kumburin ya san ko mene ne.

"Baba, shanun ba nawa ba ne, na surukina ne. Idan na koma na ce sakacina ne, zai karɓe garken, ya karɓe 'yarsa da yarana. Da na ga kifin nan a saman ruwa, sai na ce Allah ya kawo mini mafita."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi niyyar miƙewa in faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Isiyaku ne ya riƙe mini riga, da hannun da igiya ta yi wa shaida. Ya ce idan aka tona, samarin can da suka ga jininsa ba za su bar mutumin nan ya kai bayan dutse ba, 'yan'uwansa kuma ba za su tsaya kallo ba, mun koma inda muka fito. Ya ce shi ma yana da jariri a ɗaki wanda ko suna ba a raɗa masa ba.

"A bar shi a kaina, Yaya. Ni a gida nake, ina da inda zan sa kaina. Shi ba shi da shi."

Ardo Sambo ya miƙe ya yi wa jama'a bayani da Hausa da Fulatanci. Ya ce ga dattijo ya sha ruwa bai mutu ba, saboda haka ba wanda ya yi nufin sharri. Mai gona ya kafa alama, baƙo bai san ta ba, ƙaddara ce ta gitta. Amma tunda asara ta sauka a bakin gonarmu, za mu ba baƙo karsana ɗaya ya share hawaye. Ba mu da karsana sai ta mahaifiyarku, wadda ta gada daga uwarta, tana kiwo a garken Ardo. Na kira ta na gaya mata, ban ɓoye mata komai ba har ruwan da na sha.

"A ba bawan nawa," in ji ta. "Kai kuma ka wuce asibiti kafin in zo in same ka a nan."

Lokacin da hukuma suka iso taro ya fara watsewa. Sai da na shiga mota, muka yi nisa da idon mutane, sannan na amayar da abin da ke cikina. Na yi kwanaki a kwance ana ƙara mini ruwa. Likitan ya ce sa'ata ruwan gurbin yana da yawa, ganyen ya tsarma. Yaya Hansatu ta zauna a bakin gadon tana yi mini fifita tana zagina, wai tun ina yaro ba abin da ban sa a baki ba.

Abin da Isiyaku bai hango ba shi ne nauyin abin da ya ɗauka. Mutane ba su riƙe maganar ƙaddara ba, karsanar suka riƙe. Suka ce wanda bai yi laifi ba ba ya biya. Ranar suna kifin ya yi kwantai, 'yan kaɗan ne suka zo, waɗanda suka zo ma suka ce sun ƙoshi. Sababbin maƙwabta suka hana 'ya'yansu shiga gidansa. Idan akuya ta mutu a unguwa sai a kalli gonarmu. Ya jure shekara biyu, sannan da kansa ya ɗauki gatari ya sare magimfar nan kaf, tun daga ta bakin hanya har ta gefen rafi, ya tara ya cinna mata wuta. Muka sayar da gonar. Ya koma cikin gari yana awon hatsi a Muda Lawal, mutumin da bai taɓa son zama a inuwar rumfa ba. Sau da yawa na ce masa lokaci ya yi da za a faɗi gaskiya, sai ya ce wa ya sani ko surukin yana raye. Ja'e bai sake biyowa ta Bauchi ba. Sau ɗaya wani baƙo ya kawo wa Isiyaku ƙwaryar man shanu a kasuwa, ya ce an ce a ba mai magimfa, bai faɗi daga wa ba. Isiyaku ya kai gida aka yi miya da shi.

Wannan shi ne abin da ya faru. Baffanku bai kashe saniyar kowa ba. Ya bi dokar da ubansa ya koya masa har ƙarshenta, sannan ya ɗauki laifin baƙon da ya fasa masa baki. Ni ɗacin yini ɗaya na sha, shi ya sha nasa har ya mutu.

Ardo Sambo ya rasu, 'ya'yansa sun tashi da shanunsu sun yi gaba. An cike gurbin malmo an yi gini a kai. Tun daga waccan shekara ba a sake dakan magimfa a rafin nan ba, ba a sake kafa gora a mashaya ba, kuma tun da muka sayar da gonar gidanmu bai sake noma ba.